Ruwan da Ya Sauka a Gonar Vernon Kaɗai

A garinmu na Tolland, can yammacin Kansas, mutum zai iya shara ƙarya a kan girman kifin da ya kama, ko nauyin bijiminsa, ko wanda ya jefa wa ƙuri'a, a yi dariya a wuce. Amma ba a ƙarya a kan ruwan sama. Kowane manomi yana da ma'auninsa ɗaure a turken shinge, 'yar doguwar kwalba mai zane-zane da ta raba inci ɗaya gida ɗari, kuma abin da kwalbar ta nuna shi za ka faɗa ko da bai yi maka daɗi ba. In an yi ruwa, kafin bakwai na safe kowa ya buga wa gidan rediyon garin waya ya ba Marlys Svoboda lambarsa, ita kuma ta rubuta a takarda, ta karanto wa duk gundumar: wane talatin, wane ashirin da biyar, wane ko ɗigo.

Shekara talatin da ɗaya Marlys ta yi tana wannan shirin na safe. In ta gama karanta lambobi sai ta buɗe layi, surutu ya ɓarke. Wannan ya kawo kukan tsadar mai, wancan ya zagi 'yan majalisa kaf ɗinsu, wata ta ba da labarin yadda jirgi ya yasar da ita kwana biyu a Denver tana kwana a kan kujera, wani ya rantse cewa wayarsa tana sauraron hirarsa da matarsa. Babu abin da surutun ya taɓa gyarawa a ƙasar nan, ko ramin titi ɗaya, amma dai mun saba, da shi muke shan kofi.

Vernon Kuhlman bai taɓa shiga surutun ba. Tsoho ne ɗan shekara saba'in da huɗu, dogo, mai ƙarancin magana, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana can Oregon. Shekara arba'in da ɗaya yana ba da lambar ruwa, tun kafin zuwan Marlys, kuma in aka yi gardama a kan ruwan wata shekara, littafinsa ake zuwa a duba. Abu ɗaya yake kai shi gaban rediyo kowace safiya, shi ne ƙanensa Delbert, mai gona mil tara arewa da gari, wanda rabon da su yi magana shekara shida.

Kada ku tambaye ni wane ne ɗan jam'iyyar ja, wane ne ɗan shuɗi. Na sani, amma ba zan faɗa ba, don da na faɗa rabinku za su ce ai Vernon ne da gaskiya, rabi su ce Delbert, labarin ya lalace kamar yadda komai ya lalace. Abin da ya faru dai, ranar bikin godiya na watan Nuwamba, sati uku bayan zaɓe, suna zaune a gidan Delbert da matarsa Nadine an yanka talotalo, sai magana ta jawo magana. Vernon ya ce wa ƙanensa talabijin ta cinye masa ƙwaƙwalwa. Delbert ya ce irin su Vernon ne suka sayar da ƙasar suna murmushi. Vernon ya ajiye cokali ya miƙe ya fita, ya ja a-kori-kurarsa, sai da ya kai gida ya tuna ya bar hularsa rataye a ƙusar bayan ƙofa. Bai koma ɗauka ba, ba a kuma aiko masa da ita ba. Shi kuwa hakan ya yi masa daɗi a ɓoye. Yakan ce a ransa muddin hular tana can, yana da dalilin da zai taka gidan wata rana.

Suka daina gaisawa, suka raba coci, suka raba wurin shan kofi. Amma ruwan farko da ya sauka bayan faɗan, Marlys tana karanta lambobi sai aka ji ta ce, "Vernon Kuhlman, kudu da gari, arba'in da biyu. Delbert Kuhlman, arewa, hamsin cif, kuma ya ce a gaya wa na kudu ya daina tsayawa da ƙaton kansa yana kare wa kwalba ruwa."

Vernon ya yi dariya shi kaɗai a kicin har kofi ya sarƙe shi. Da aka sake ruwa ya bugo da wuri. "Talatin da takwas. Ki kuma gaya wa na arewa ya hana karensa ɗaga ƙafa a kan ma'auni, mun gane inda ƙarin yake fitowa."

Haka aka ci gaba. Duk ruwan da zai sauka, sai an aika saƙo ta bakin Marlys an mayar da martani. Mutanen gari suna jin daɗin abin kamar wasan kwaikwayo. Shi Vernon ba wasa ba ne a wurinsa. Ta nan yake sanin ƙanensa yana raye, ya tashi lafiya, ya taka zuwa shinge da ƙafarsa, kuma da ya duba kwalba yayansa ya fara tunawa. Abin da ya rage masa ke nan na ɗan'uwa a duniya, ya kuma riƙe shi da hannu biyu.

Sai ga bana. Ruwa ya ɗauke tun farkon Yuni. Dawa ta fito ta tsaya iya gwiwa ta naɗe ganye, ciyawar kiwo ta koma launin buhu, mutane suka fara kai shanu kasuwa tun ba su isa ba. Kwana saba'in da takwas babu lambar da aka karanta, saboda haka babu saƙo. Ana cikin wannan, ranar wata Litinin, Marlys ta yi gyaran murya ta ce wani kamfani daga birni ya saye gidan rediyon. Juma'a ce ranarta ta ƙarshe. Daga Litinin mai zuwa shirin safe daga can za a riƙa turo shi, wani mutum ne zai yi awa uku yana ɗaga jijiyar wuya a kan siyasa, hasashen yanayi kuma muryar na'ura ce za ta karanta.

Washegari Vernon ya je shagon kofi na Bev, ya zauna a teburin tsofaffi. Orville Tietjen, tsohon mai raba wasiƙu wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ke riƙe da hira.

"Na'ura fa! Na'urar da ba ta taɓa taka gona ba ita za ta gaya min ko za a yi ruwa. Jikata ta ce har waƙa tana rubutawa. Na ce to ta rubuto mana hadari mana."

"Kai da wayarka ma ba ka iya kashewa," in ji Bev tana ƙara musu kofi. "Ran nan a jana'iza tana ta kuka a aljihunka."

"Ba ni na kunna ta ba, su suka kunna daga can. Kin san komai yanzu daga can ake yi. Labarai daga can, farashi daga can, fushi ma daga can ake aiko mana shi da safe, mu raba a tsakaninmu." Ya juyo. "Kai Vern, kai da mutuminka na arewa fa? Wa zai riƙa ɗaukar muku saƙon zagi yanzu? Ko ni za ku ɗauka aiki, na saba da kai wasiƙa."

Aka kwashe da dariya. Vernon ya yi murmushin yaƙe, ya ajiye dala biyu a ƙarƙashin kofi ya fita. A waje ya tsaya ya ɗaga kai. Sama fes, shuɗiya tun daga wannan gefe har wancan. Kwana uku suka rage, kuma in ba a yi ruwa ba shi ke nan, za a rufe shirin ba tare da ya sake jin kalma ɗaya daga Delbert ba. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda bai ji ba tun ranar da likita ya kira shi gefe a kan maganar matarsa.

Laraba ta wuce ba komai. Alhamis da la'asar hadari ya haɗo daga yamma, baƙi ƙirin, iska ta taso har ya ji ƙamshin ruwa. Ya fito ya tsaya a bakin shinge, ya goge cikin kwalbar da hankici, ya daidaita ta. Hadarin ya yi ta ruri yana walƙiya, sai ya karkata kudu ya tafi abinsa ya zubar wa mutanen Oklahoma.

Juma'a da ƙarfe shida da rabi ya je wurin ma'aunin kamar kullum. Babu komai a ciki sai mataccen ƙuda. Ya zazzage ƙudan, ya daɗe a tsaye. Sannan ya koma kicin ya ɗebo ruwan famfo a kofi, ya dawo ya durƙusa, yana tsiyayawa a hankali har ruwan ya kai zane na sha biyar. Ya yi hakan ne don in ya ce kwalba ta nuna sha biyar, ya zama ta nuna ɗin. Shi ma ya san wannan dabarar banza ce, kunya kuma ta rufe shi ko da yake babu mai kallonsa sai shanu biyu.

Ya buga waya.

"Marlys, Vernon ne. Sha biyar."

"Vern, ina kallon taga fa. Rana ce ƙwal."

"Ki rubuta kawai."

"Ka san abin da za su ce a kanka?"

"Na sani. Ki karanta. Ki ƙara da cewa na kudu ya ce na arewa barci ya yi, ruwa ya wuce shi."

Lissafinsa mai sauƙi ne. Delbert tun suna yara ba ya iya ganin ƙarya ya ƙyale, ko ta anini ce. In ya ji yayansa ya yi iƙirarin ruwa a wannan farin, ko yana kan gadon asibiti sai ya bugo ya ƙaryata shi. Vernon zai sayar da mutuncin shekara arba'in da ɗaya ya sayi zagi ɗaya, kuma a ganinsa cinikin ya yi.

Bakwai da minti biyar Marlys ta karanta, muryarta ba yadda ta saba ba. Nan take layi ya cika. Wani ya ce dama ya sha faɗa, gwamnati tana da jiragen da ke feshi a gajimare tana kai wa 'yan jam'iyyarta ruwa, ga shaida ta fito. Wata ta ce ta duba wayarta, taswirar yanayi ba ta nuna ko ɗigo a duk gundumar ba, a je a duba lafiyar Vernon, haka mahaifinta ya fara. Orville ya bugo ya ce don Allah Vern ya ɗaure gajimaren da igiya ya jawo musu shi cikin gari. Vernon yana zaune a kicin, hannu biyu a kan tebur, yana shanye duka. Duk sanda aka ce ga wani a kan layi sai ya matso kusa da rediyon.

Takwas ta yi. Takwas da rabi ta yi. Aka koma kan haraji, aka koma kan tsadar tikitin jirgi, wasu suka bugo suna yi wa Marlys ban kwana har da kuka. Tara saura minti biyu ta gode wa kowa, ta ce a kula da juna, ta sa kiɗa. Delbert bai bugo ba.

Vernon bai ma wanke kofinsa ba ya ja mota zuwa gari. Ya sami Marlys a ɗan ɗakin watsa shirin tana zuba hotuna da kofinta a kwali.

"Del ba shi da lafiya," ya ce tun daga bakin ƙofa. "Wani abu ya same shi. Ba zai ji wannan ya yi shiru ba. Kin ji wani labari? Kada ki ɓoye min."

"Lafiyarsa lau, Vern. Jiya na gan shi yana shan mai."

"To me ya hana shi?"

Ta ajiye kwalin, ta jawo masa kujera. "Zauna."

"A tsaye ma ina ji."

"Ba ya jin tashar nan. Ya daɗe da dainawa. Shekara huɗu ke nan da ya bugo ya ce min ni ma na zama 'yar amshin shatan su wane, ba zai ƙara kira ba. Bai kuwa ƙara ba."

Vernon ya dube ta kamar ta yi masa magana da wani yare. "A watan Mayu ya ce hamsin da biyar. Ya ce a saya min tabarau."

"Ni na ce." Idonta ya kawo ruwa. "Lambar ta Misis Pruitt ce, maƙwabciyarsa ta tsallaken titi, nakan ƙara biyu ko in rage uku. Zagin kuma ni nake ƙirƙira. Shekara biyun farko nasa ne, wallahi nasa ne. Da ya daina, ka bugo da safe ka ba da lambarka da saƙonka, ina jin yadda kake jira. Na ce bari in yi sau ɗaya, kafin ya huce. Sau ɗayan ne ya kai mu yau."

"Maganar kare fa? Da ya ce karen nasa ya fi ni iya lissafi?"

"Karen ya mutu tun bara waccan, Vern."

Sai a lokacin ya zauna. Ya so ya yi fushi da ita, ya laluba bai sami fushin ba. Shekara huɗu yana dariya shi kaɗai a kicin, yana kwana yana shirya martani, ashe da Marlys yake wasan, ƙanensa kuwa bai ma san ana yi ba.

"Ka yafe min," ta ce. "Yau na so in yi maka na ƙarshe. Na rubuta ma. Sai na ga kai ka yi ƙarya, in na ƙara tawa a kai, abin ya yi yawa."

Ya miƙe, ya ɗaukar mata kwalin ya kai mota, don haka aka tarbiyyantar da shi. Sannan ya hau tasa, maimakon ya yi kudu sai ya yi arewa.

Mil tara ne, amma ya ji tsawonsu. Gonaki a ƙone dama da hagu, allunan 'yan takara a kafe a bakin kowace, wasu ja wasu shuɗi, rana ta ci launinsu har sun kusa zama iri ɗaya. Da ya isa ƙofar gonar Delbert ya tsaya ya duba turken shingen da mahaifinsu ya kafa. Ma'aunin yana nan, amma kwalbar ta tsage, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta, ciki cike da ƙasa. A saman rufin gidan an kafa wata farar na'urar auna yanayi mai 'yan cokula uku suna juyawa a iska.

Delbert ya ji ƙarar mota ya fito baranda. Ya yi ƙiba, ya yi furfura, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ta ƙofar da ya bari a buɗe ana jin talabijin tana ta ihu. Ya tsaya a saman matakala bai sauko ba.

"Wa ya mutu?" ya ce.

"Ba kowa."

"To lafiya?"

Vernon ya shirya maganganu da yawa a hanya, duk suka gudu. Abin da ya zo bakinsa shi ne abin da ya saba. "Nawa ka samu, Del?"

"Nawa na samu na me?"

"Ruwa."

Delbert ya dubi sama, ya dubi yayansa. Vernon ya tsaya yana jira, yana roƙo a ransa a ce masa ƙaton kai, a ce masa makaho, a ce masa komai. Delbert ya zaro waya daga aljihun riga, ya shafa fuskarta da yatsa, ya ɗan nisanta ta da idonsa.

"Sifiri," ya ce. "Sati mai zuwa ma sifiri. Ba sai ka ƙona mai ka zo tambaya ba, ana sawa a waya yanzu. Ka ce 'yarka ta sa maka."

Babu zafi a muryarsa, abin da ya fi yi wa Vernon ciwo ke nan. Haka zai amsa wa baƙon da ya ɓata hanya.

"Na ce sha biyar a rediyo yau," in ji Vernon.

"Wace rediyo?"

Delbert ya ɗan jira, ya waiga wajen talabijin kamar mai gudun kada wani abu ya wuce shi, sai ya ce, "Tsaya, tun da ka zo." Ya shiga ciki. Vernon har ya taka matakala ta farko, yana zaton za a ce ya shigo ya sha kofi.

Delbert ya dawo da wata leda ta kantin sayayya, ya miƙo masa daga sama. "Nadine ta gaji da share mata ƙura. Na ce wata rana za a ba wani ya kai maka."

Hular Vernon ce. An goge ta tsaf, an cusa mata takarda a ciki don kada ta lanƙwashe.

"Na gode," in ji Vernon.

"Ba komai. Ka rufe ƙofar shinge in ka fita, shanu."

Ya rufe. Ya ajiye ledar a kujerar gefe, bai buɗe ta ba, ya koma gida a hankali. Da ya isa ya wuce wurin ma'auninsa. Rana ta riga ta sha kaɗan, ruwan ya sauko zuwa sha uku. Ya cire kwalbar ya juye a ƙasa, ƙasar ta shanye nan take. Ya shiga kicin ya buɗe littafinsa na ruwa, ya rubuta kwanan wata, ya rubuta sifiri a gabansa, sannan ya zare wayar wutar rediyon daga bango ya naɗe ta.